Idon Raga da Lokacin Rufe Ruwa: Aikin Masunta da Maharba Wajen Kare Kifi da Namun Daji

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka gabatar a Sakkwato gaban masunta, maharba da ɗalibai. An rage maimaici kaɗan.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakunan ruwa da sarakunan baka, Allah ya ja zamaninku. Malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Idan aka ce a kare kifi da namun daji, abin da yawancin mutane ke ji shi ne a kori maharbi daga daji, a ƙwace ragar masunci. To, ma'aikacin gandun daji nawa ne a ƙaramar hukuma guda, kuma babur nawa gare su? Wanda ke bisa ruwa tun asuba, ya san gurbin da giwan ruwa ke fakewa da bazara, masunci ne. Wanda zai dubi sawu ya ce wannan barewa ce ba gada ba, kuma jiya da dare ta wuce, maharbi ne. Saboda haka ba tambayar ko a sa su cikin aikin muke yi ba, suna ciki tun asali. Tambayar ita ce me za su riƙe, kuma da wane iko.

Mu fara da ruwa, don nan abin ya fi saurin lalacewa, nan kuma ya fi saurin gyaruwa.

Kifin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato da ambaliya yake haihuwa. Idan ruwa ya hau fadama, daga Yuli zuwa Satumba, tarwaɗa takan bar gulbi ta shiga ciyawar da ruwa ya rufe, can take zuba ƙwai. Bargi sheƙa yake yi, ya share ciyawa ya yi da'ira mai faɗin kusan mita ɗaya, ya tsaya gadi. Yauni ma sheƙar yake yi, tasa tana yawo bisa ruwa. Karfasa kuwa uwar ce ke ɗauke da ƙwai da 'ya'yan a baki har su yi ƙwari. Duk wanda ya taɓa ciro karfasa daga kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale, ya ga ta tofar da 'yan ƙwayaye rawaya a cikin jirgi ya san abin da ake nufi: kifi ɗaya ya kama, amma ɗaruruwa ya kashe. Idan ruwa ya fara janyewa, 'ya'yan su biyo ƙoramu su koma gulbi da tafkuna. A wannan komawar ake yin ɓarnar da ta fi kowace, a datse bakin ƙorama da shinge, a jera gura, wato tarkon kifi, wani ma ya shimfiɗa gidan sauro. Abin da ake kwasa bai kai ɗan yatsa ba. A shanya, a auna a kwano, a sayar da arha, alhali shi ne kifin baɗi.

Kada a ɗora wa masunci laifin duka. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, hawan ruwa a fadama ya koma hannun mai buɗe ƙofa, kuma fadamar da ba ta sha ruwa ba babu kifin da zai haihu cikinta. Amma wannan ƙarin dalili ne na lallaɓa ɗan abin da ya saura.

Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta ce idon raga kada ya gaza milimita 76, wato inci uku. Ga yadda ake aunawa, don nan ake yawan gardama a bakin ruwa. A jiƙa ragar, a kama ido ɗaya a ja shi har ya rufe, a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Da ma'auni, ba da yatsu ba. Yatsun Basarke, wato masuncin gado, mai shekara hamsin yana jan taru ba ɗaya suke da na yaro ba. Kalli mai inci uku yakan kama karfasar da ta kai kusan taƙi ɗaya, wadda galibi ta riga ta haihu ko sau ɗaya ne. Mai inci ɗaya da rabi yana kama ta tun ba ta san namiji ba. Shekarar farko mai ƙaramin ido ya fi kowa cika kwando. Shekara ta biyu sai ya ga dole ya ƙara rage idon, don manyan sun ƙare. Haka ake sauka mataki-mataki har a iso gidan sauro, kuma kowa a garin ya bi, domin ba wanda zai zauna yana kallon maƙwabcinsa na kwashewa.

Guba kuwa, ko magimfa ce ta gargajiya ko maganin ƙwari Gamalin 20 da aka san shi da wannan ta'asa, ba ta zaɓe. Alamarta a fili take: kifi manya da ƙanana sun taso lokaci guda, har da kwaɗi. Shanu su sha ruwan, mutane su ci kifin. Dokar 1992 ta hana ta, tare da nakiya da lantarki.

Yanzu rufe ruwa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Bikin Argungu, wanda ya yi suna tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, mutane suna kallon homa da gora da ƙaton giwan ruwa a kan sikeli. Abin da ba a kallo shi ne watannin da Matan Fada, ruwan da ake sun bikin a ciki, ke rufe, ba mai jefa ko ƙugiya sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ba don rufewar ba, da babu abin da za a ɗora a sikelin.

Ga mai son yin haka a Tafkin Kware, ko Kalmalo, ko wani gurbi a ƙasar Wurno, wurin da za a rufe shi ne mai zurfi, inda iyayen kifi ke taruwa idan ruwa ya ja baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi wurin da ba wanda ke so don gudun rigima, a rufe kududdufin da zai ƙafe a watan Maris, sannan a ce an gwada bai yi ba. A kafa alama wadda baƙo ma zai gani, a yi shela ranar kasuwa, a sanar da hakimi da garuruwan da ke sama da ƙasan ruwan, domin kifi bai san iyakar gari ba. Tara ta zama sananniya tun kafin a kama kowa, kuma ɗan Sarkin Ruwa ya biya kamar kowa. Abin da ke kashe wannan tsari ba talaka mai birgi, 'yar ragar jefawa, ba ne. Ranar da aka ji an karɓi kuɗi a ɓoye an bar mai babban taru ya shiga da dare, daga ranar ba sauran mai jin magana.

Sai littafi. Kowace mashaya da jiragen masunta ke tsayawa ta samu yaro mai makaranta ya riƙa rubuta kwanan wata, jirage nawa suka fita, da wane kaya, kwando nawa aka samu, sannan a ɗebi kifi goma ba tare da zaɓe ba a auna tsawonsu. Jimillar kwanduna kaɗai yaudara ce. Jirage arba'in su kawo abin da ashirin ke kawowa bara, a ce kifi na nan yadda yake, alhali rabon kowane jirgi ya ragu da rabi.

Mu hau tudu. Iyayenmu maharba sun fi kowa sanin abin da ya ɓace: gwanki, kanki, jimina, yau sai a labari a yawancin dazukan nan. Abin da ya saura shi ne barewa jefi-jefi, gada, zomo, fakara, zabuwar daji, damo da guza. Lissafinsu ba ɗaya ba ne. Zomo cikin wata ɗaya da rabi ya haihu, kuma ya maimaita a shekara, don haka yana jure farauta. Barewa wata shida take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa guda. Kashe mace ɗaya mai ciki da kashe zomo goma ba su yi kusa ba. Zabuwa da damina take ƙwai, ta kwanta kwana 26 zuwa 28. Mai kwashe sheƙa ya fi mai bindiga ɓarna.

Maharbi mai harba-ruga, wanda ke bin sawu da rana ya zaɓi namiji, ba shi ya ƙarar da daji ba. Abubuwa huɗu ne: tarkon waya da ake yi da wayar birkin babur, a ɗana hamsin a manta da rabi, dabba ta ruɓe a ciki, fitilar goshi da dare, wadda ido kawai take nunawa, ba a san mace ko namiji ba sai an harba, cinna wa daji wuta saboda gafiya, da farautar taro ta motoci cike da samari da karnuka, a kewaye daji a share shi kamar tsakar gida. Malamanmu sun karantar da mu a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce. Sarkin Baka da ya san hurumin dajinsa shi ne zai iya cewa daga saukar ruwan farko har a gama girbi ba a shiga, kuma ranar farautar taro ga gefen da za a bari a buɗe.

Angulu ma a sa ta cikin lissafi. Tun 2015 aka sanya irin tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ku tuna mahauta shekarun baya, ku dube ta yau. Ana barbaɗa wa mushe guba a kwashe angulayen da suka ci suka mutu don masu sayen kai da fiffike. Maharba sun san masu wannan sana'a da sunayensu.

Batun tsaro ba a ɓoye yake ba, daji irin Gundumi ba ya shiguwa yadda aka saba. Kada wani ya ɗauka namun daji sun huta saboda haka. Masu bindiga da ke zaune a ciki nama suke ci.

Kuɗin aikin fa? A Amurka, tun 1937 akwai harajin da ake ɗorawa kan bindigogin farauta da harsashi, yau kashi 11 cikin 100, sannan a 1950 aka yi irinsa kan kayan fatsa. Dabarar tana cikin sharaɗin: jihar da ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki ba ta samun kasonta. A nan masunci na biyan kuɗin rasit bai taɓa ganin abin da ya dawo bakin ruwa ba, sannan a yi mamakin yana gudun mai karɓa.

Wani dattijo daga cikin masunta ya yi tambaya: "Malam, kallin da ag gare mu duk ƙanƙanen ido na, kuma bashi munka ci munka saye. Mi za mu yi?"

Baba, Allah ya ba ka lafiya, ba a ce a ƙona shi gobe ba. Kallin roba ba ya daɗewa, kaka ɗaya ko biyu ya yayyage. Ku zauna da Sarkin Ruwa ku sa rana, ku ce daga buɗe ruwa mai zuwa ba sabon kalli da zai shiga sai mai inci uku, tsohon kuma a ƙarasa shi a gulbi, ban da fadama, ban da bakin ƙorama. Sannan ku aika wa masu sayar da raga da dillalan da ke ba ku bashi, tun kafin su yi odar kayan baɗi, domin abin da suka kawo shi kuke saye. Watannin farko kwando zai yi sauƙi, wannan a faɗa wa kowa tun yanzu. Shi ya sa ake fara canjin bayan girbi, lokacin da akwai gero a rumbu, ba a tsakiyar bazara ba.