Gidan Sola a Tsakiyar Gonar Gero

Auta: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yaya, tun ranar Juma'a wayata ba ta huta ba a kan tallan nan.

Anti: Na fulotai? Sau uku aka turo min.

Yaya: Shi fa. Wai unguwa mai kare muhalli. An zana gidaje farare tas, sola a kan kowane rufi, ciyawa kore shar. To ni ranar Asabar na wanke ƙafa na je. Ka bi titin Gwarzo, ka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ka yi ta tafiya har kwalta ta rabu da kai. Me na tarar? Kunyoyin gero, karan ma ba a gama kwashewa ba, an bi an kakkafa 'yan duwatsun siminti. Ga wani gawo a kwance, sabon sara, ƙanshin ɗanyen icen yana tashi.

Anti: Subhanallahi. Manomi ai ba ya sare gawo.

Yaya: Ba manomi ba ne, Anti. Manomin yana gefe yana kallo, ya riga ya karɓi kuɗinsa. Icen da yake zubar da ganye da damina, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi inuwa, awaki su ci 'ya'yansa. An kayar da shi, za a kawo fulawa a tukunya a ce muhalli ake gyarawa. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Auta: Amma tsamiyar wurin tana nan, na gani a hoton da ka turo.

Anti: Wa zai taɓa tsamiya? Mai gatari ma yana son ransa.

Auta: Aljanu ke nan.

Anti: Kai ne za ka faɗa mana! Wa ake aika sayen kalanzir bayan magariba, ya zagaye unguwa guda don kada ya bi ta gindin tsamiyar ƙofar gidan Kaka?

Auta: Anti, kowa ya san akwai abu a tsamiyar nan.

Yaya: Jemagu ne.

Auta: Jemage yana tari?

Anti: Mai gadin makarantar allo ne yake kwana a wurin, shekara nawa muna gaya maka.

Auta: To me ya sa Kaka take cewa a yi sallama in za a wuce?

Anti: Don ku daina jifan 'ya'yan tun suna ɗanyu. Da me kake so ta yi kunun azumi?

Yaya: Kuma tsamiyar tana nan har gobe, ita da kukar bayan masallaci. Wannan tsoron ya tsare itatuwa da yawa a ƙasar nan. To mu koma. Ni ba na faɗa da sola, alheri ce, ta raba mutane da hayaƙin janareta. Tambayata, shi mai gidan a ina yake aiki? A Kantin Kwari. Yara suna makaranta a cikin gari. Uwargida za ta awo asibiti. Wurin nan ba kasuwa, ba makaranta, ko mai shayi babu. Acaɓa an hana shi ɗaukar fasinja a birnin Kano tun 2013, ɗan adaidaita kuma in ka faɗa masa sunan wurin sai ya ce sai dai shata. Dole mota, safe da yamma, wani gidan ma biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda lita take ci. Man da ka ce ka huta da saye wa janareta, ga shi kana ƙona ninkinsa a kan titi.

Anti: Tsaya, Yaya. Kana magana kamar don marmari mutane suke fita. Gidan gado a cikin birni, magada goma sha, an yanka shi ɗaki-ɗaki. Mace tana girki a bakin kwata, ba wurin shanya, yara ba wurin wasa. Ga kuɗin haya kullum gaba yake yi. In ta ji an ce ga fili da iska a Kumbotso ko Ungogo, me zai hana ta so?

Yaya: Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Da mai sayarwa nake, da ya fake da muhalli ya ƙara kuɗi. Je ki ga irin waɗannan gidajen in an gama. Kowane gida da bohol ɗinsa, ana ba ciyawar ado ruwa a watan Afrilu, maƙwabta 'yan asalin ƙauyen rijiyarsu ta ƙafe sun koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Tsakar gida an malale da siminti, ruwan sama ba inda zai nutse. A cikin gari mun cike kududdufai mun yi shaguna, kowace damina muna ganin sakamakon, yanzu ga shi muna maimaitawa a bayan gari. Masu awon igiya kuwa, masu yanka gona fuloti-fuloti ba tsari, ko hanyar kwata ba sa bari.

Auta: Amma rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo ai an tsara su.

Yaya: An tsara su, da titi da magudanar ruwa, a mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Duk da haka gidaje da yawa sun daɗe ba kowa a ciki. Mutum yana bin inda abincinsa yake. Ka tuna gidan Kaka: katangar ƙasa mai kauri, rufin azara, da azahar ka shiga soro kamar an zuba ruwa. Masallaci, kasuwa, makaranta, duk da ƙafa. Har shararmu jakuna suke ɗauka su kai gonakin nan a matsayin taki, su dawo da itace da hatsi. Gonakin da muke yankawa yau, su suke ciyar da birnin.

Anti: Ni dai ba zan koma ɗakin ƙasa ba, yaɓe duk shekara.

Yaya: Ba a ce ki koma ba. Je ki Gidan Makama da rana tsaka ki ji sanyin, sannan ki tambayi magina me ya...

Auta: Yaya, an kira la'asar. Kuma mun yi alkawarin tambayoyi uku da mutum zai yi kafin ya biya kuɗin fuloti.

Yaya: To, ya je wurin da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya gani da idonsa. Sauran biyun sai mako mai zuwa.

Anti: In za ka koma, ka tsinko min tsamiyar nan. Ka tafi da Auta.

Auta: Da rana dai. Sai an jima, jama'a.