Anini, kwabo da liyari: lacca a kan tara tsofaffin sulalla

(An rubuto daga faifan laccar, an ɗan rage maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata da ke can baya, ɗalibai, barkanmu da yamma. A ɗan rage lasifikar nan, tana kuka.

Ga faranti nan zai zagaya. Abu biyar na zuba a kai, na kuma ƙirga su sau biyu, saboda haka biyar nake so su dawo. (Dariya.) Wanda zai ɗauka ya kama ta gefe da yatsu biyu, kada ya danna babban yatsa a kan fuskar. Zan faɗi dalili can gaba.

Ni ta hanyar rabon gado na shiga wannan harka. Da kakata ta rasu, Allah ya jiƙanta, aka fito da kayan ɗakinta, sai ga wani gwangwani a ƙarƙashin gado, an ɗaure bakinsa da tsumma. Aka buɗe, aka ga kuɗin da aka daina karɓa tun kafin a haifi rabin mutanen gidan, aka ce a ba yara su yi wasa. Na ce ni ma yaro ne. A ciki akwai wuri cike da tafin hannu, da anini da aka shirya a zare kamar carbi, da kwabo mai huji, da sulalla, da liyari guda ɗaya da aka yi wa kunne don a rataya. Lokacin ban san sunan rabinsu ba. Yau in aka ce in karantar da tarihin ƙasar nan na shekara ɗari da hamsin, wannan gwangwani ya ishe ni allo.

Mu fara da wuri, ko da yake ba ƙarfe ba ne. Ɗalibai, mene ne jam'in wuri? Kuɗi. Wato kalmar da muke ta wahala a kanta dare da rana, asalinta sunan ɗan kwanson nan ne da ake kwasowa daga tsibiran Maldibis a tekun Indiya. Da shi kakanninmu suka yi lissafi, zangu ɗari, zambar dubu, keso dubu ashirin. Bature ɗan Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa wuri 2,500 ake ba da liyari ɗaya. Ku lissafa, keso guda cur, kayan da sai ƙato ya ɗauka, liyari takwas ne kacal. Mutanen Gana ma ba su bar shi ba, sunan kuɗinsu, sidi, wuri yake nufi a harshen Akan.

To shi liyarin, shi ne babban farin nan da ke kan faranti, mai hoton wata mace mai jiki. Sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza. Ku duba shekarar da ke bayansa, 1780. Duk wanda ya kawo mini liyari, da wannan shekarar yake fara cika baki, wai nasa ya haura shekara ɗari biyu. Sai in ce masa, Alhaji, na kowa ma 1780 ne. A shekarar ta rasu, amma fataken Larabawa da Habasha da Sudan sun riga sun amince da shi, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. Har ƙirga 'yan duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗarta suke yi, su gane ko ya suɗe. Sai aka ci gaba da buga shi da tsohuwar shekarar, a Biyana, daga baya har a Landan da Roma da Faris da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi. Har gobe ana buga shi. Saboda haka yawancin liyarin da ke hannun mutane, kuɗinsa kuɗin azurfar da ke jikinsa ne da ɗan ƙari. Nauyinsa giram 28, azurfa tsantsa a ciki wajen giram 23. Abin da ya sa nake girmama nawa shi ne kunnen da maƙeri ya liƙa masa. Masu tara tsofaffin kuɗi na Turai za su ce kunnen ya ɓata shi, a kasuwarsu kuma gaskiya suka faɗa. Ni kuwa kunnen ne ya gaya mini cewa wannan abu ya tsallako Sahara, ya gama yawon kasuwa, ya ƙare a wuyan amarya.

Yanzu ga wanda na fi ƙauna, ɗan ƙaramin nan mai huji, anini. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fito da kwabo da anini don su kori wuri daga kasuwa. Anini goma ne kwabo, kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin fam. Anini 2,400 ke nan a fam ɗaya, kusan yadda wuri yake a liyari. Sun lura cewa mai sayen daddawa da gishiri yana bukatar ƙaramin canji, in babu shi ba zai saki wurinsa ba. Hujin kuma don a zura zare, yadda aka saba. Aninin farko da gorar ruwa aka yi shi, alminiyom, kuma yana cikin kuɗin gorar ruwa na farko da aka kashe a kasuwa a duniya baki ɗaya. Bai jure ba, gumi da damina suka cinye shi, a 1908 aka koma wani farin ƙarfe mai ƙwari. Wanda ya sami na 1907 da bai yi ƙuraje ba, ya riƙe shi da kyau.

Ku karkata shi wajen haske. Ƙarƙashin hujin akwai rubutun Larabci da ya faɗi darajarsa, a bayansa kuma tauraro mai tsini shida. Wanda ya zana shi a Ingila ya san cewa masu karatu a ƙasar nan a lokacin, da baƙaƙen Larabci suke karatu. Kuma ku lura, kuɗin ya mutu amma sunansa ya ƙi mutuwa. Muna cewa ba ni da ko anini. Muna cewa ɗan sanda mai anini uku, don abin da ke kafaɗarsa. Muna cewa ko sisin kwabo ban samu ba. Yaron da ke faɗin haka bai taɓa ganin sisi ba, balle taro, balle ahu, balle nai, balle fataka. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa har yau da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya tamma biyar.

Akwai kwabo a farantin mai shekarar 1936. Wanda yake hannunsa ya karanta mana sunan sarkin. Yauwa, Edward na takwas. Wannan sarki bai cika shekara a kan gado ba, ya yi murabus a watan Disamba na shekarar saboda matar da ya nace sai ya aura. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Mu nan an saki, domin kuɗinmu mai huji ne, ba ya bukatar hoton kai, suna kawai za a canza. Wurare kaɗan ne suka sami haka, kamar mu da Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini. Da jin wannan labari za ku ce lallai yana da tsada. Ba shi da ita, an buga shi da yawan gaske. In kuna da madubin ƙara girma ku nemi ɗan harafi a jikinsa, H ko KN. Tambarin maƙerar da ta buga ne, dukansu biyu a Bamingam. Irin wannan ɗan harafi, da shekara, su ne ke raba kwabon da ake sayarwa a kwano da wanda ake kai wa gwanjo.

Wannan kwabo shi ne kuma abin kunyata. Da na same shi ya yi duhu, sai na ga ai gyara ne in wanke. Na samo toka da lemon tsami na dirje shi har ya yi ƙyalli kamar kwanon amarya. Na kai wa wani dattijo mai sayar da kayan da, ina jiran yabo. Ya juya shi, ya juya, ya ce, “Malam, ka wanke kuɗinka tare da dattin.” Duhun nan da shekaru suka shafa masa shi ne shaidarsa, mai saye kuma yana duba shi kafin komai. Toka ta bar masa zane-zane da ba sa gogewa. Shi ya sa na ce a kama ta gefe, gumin yatsa ma tabo yake bari. In ƙasa ce ta manne, ruwa zalla, a shanya a kan tsumma mai laushi, shi ke nan. Kada a zuba su a leda a ɗaure, damina ɗaya za su yi kore. Ambulan ɗin takarda, kowanne da nasa, a rubuta a bayansa inda aka samo shi da shekarar da aka samu da wanda ya bayar. Wannan rubutu na fi jin takaicin rashinsa a gwangwanin kakata, don babu wanda zan tambaya yanzu.

Na bayan nan ba zan daɗe a kansu ba, da yawanku kun kashe su. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959 ya fito da namu na kanmu: taro mai kusurwa goma sha biyu da auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwar manja, fataka da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira biyu, kwabo goma ya gaji sunan sule. Ku nemi kwabo 25 na lokacin, dalar gyaɗa ce a bayansa. A kwabo ɗaya kuma rijiyoyin mai. Ku ajiye su gefe da gefe ku duba wanne ya ci wanne. A 1991 naira ɗaya ta koma kwandala da hoton Herbert Macaulay, a 2007 aka ƙara ta naira biyu, mai launi biyu, wadda ko mai rake ya ƙi karɓa. Waɗannan su nake ba mai farawa shawara ya tara, jeri guda cikakke, kafin ya kai hannu ga abin da ya fi ƙarfin aljihunsa.

Sai kuɗin tunawa, waɗanda ake bugawa don wani biki ko wani mutum. Mu a Nijeriya a takarda muka fi yin namu, kamar naira 50 ta cikar shekara hamsin da 'yanci a 2010, da naira 100 ta 2014. A waje kuwa sana'a ce babba, kuma nan ne sabon shiga yake ƙonewa. Da Churchill, tsohon firaministan Ingila, ya mutu a 1965 Ingila ta buga babbar kwandala da hotonsa, fiye da miliyan 19. Kowa ya saya ya ɓoye, yau jikoki suna fito da ita ba mai tayawa. Amma ƙaramar kwandalar fensi 50 ta lambun Kew da ke Landan, ta 2009, guda 210,000 kawai aka buga, ta shiga kasuwa a matsayin canji, yanzu ana sayenta ninkin ba ninkin. Ni dai ra'ayina, kuɗin da aka ƙera don a sa a akwatin ƙyalle, bai taɓa shiga hannun mai ƙosai ba, ba ya burge ni. Wani yana so, ban hana shi ba.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, misalin da ya fi kusa da mu shi ne na daular Umayyawa. A shekara ta 77 bayan Hijira halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya cire hotuna daga dinari, ya bar rubutu zalla, kalmar shahada da ayoyi, nauyinsa giram huɗu da kwata. Shi ne ma'aunin da malamai ke komawa gare shi in suna lissafin nisabin zakka, dinari ashirin, giram 85, da rubu'in dinari na sadaki. Dirhamin azurfa na wannan daula da aka buga a birnin Wasiɗ na Iraƙi yana da yawa, ma'aikaci zai iya saye in ya daure. Amma dinari guda na shekarar 105, mai rubutun da ya ce zinarensa daga ma'adinin Amirul Muminina yake a Hijaz, an sayar da shi a gwanjon Landan a 2011 fam miliyan 3.7. Shekarunsu kusan ɗaya. Ƙarancinsa da layin rubutun nan guda su suka kai shi can.

Shugaba yana nuna mini agogo. A karɓi tambaya biyu.

(Wata Hajiya ta tambayi yadda za ta gane liyarin gadonta na gaskiya ne.)

Hajiya, ki kai shi wurin masu awon zinare su ɗora a sikeli. In ya yi nisa da giram 28, ban da nauyin kunne, akwai magana. Ki kara masa mayen ƙarfe, azurfa ba ta kamuwa, sai dai rashin kamuwar bai isa shaida ba, tagulla ma ba ta kamuwa. Ki duba kaurin gefensa, na gaskiya akwai rubutu a zagaye, na zubi kuwa sau da yawa za ki ga layin da aka haɗa. Ki ɗora shi a kan yatsa ki ƙwanƙwasa da wani, azurfa tana da amo mai ja. Kuma don Allah kada ki bari maƙeri ya ce zai kankara ya gani.

(Wani saurayi ya ce ya ji ana neman kwabo mai huji da miliyoyi, wai akwai sinadari a cikinsa.)

Samari, babu komai a cikin kwabo sai ƙarfe. Yadda suke yi, ɗaya zai zo ya ce wani Bature yana nema ido rufe, gobe wani ya ɓullo yana da shi zai sayar da sauƙi. Kana biya, duka biyun wayarsu ta mutu. An sha kawo mini irinsa a naɗe cikin auduga, mutum yana rawar jiki, ni kuma ina da cikin kwano a gida.

Farantin ya dawo? Huɗu nake gani. Ina aninin? Au, yana wurin Baba. A'a, Baba, kada ka tashi, riƙe shi har a yi addu'a, na ga kana nuna wa jikanka hujin.