Hirar Zaure: Baƙuwa a gidan mutanen Norwe

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yaya Rabi na nan, ga kuma Hadiza da ta dawo daga musayar ɗalibai a Norwe, inda ta sauka gidan wani iyali a Oslo. Hadiza, ya kika baro sanyi?

Hadiza: Sanyi kam sai wanda ya gani. Ina isa uwar gidan ta ajiye min rigunan auduga gefe, ta ba ni na ulu. Wai auduga in ta jiƙe da gumi, ita za ta sandarar da mutum.

Rabi: Gumi kuma? A cikin ƙanƙara?

Hadiza: Sharkaf, Yaya! Wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ke kawo shi. Zamiyar da suka fi yi ba irin ta talabijin ba ce, wadda ake gangarowa daga kan dutse. Tafiya ce a kan sirara-siraran alluna biyu, da sanda a kowane hannu, ana bin layin da mota ta riga ta shata a dusar. Ran Lahadi za ki ga mutane cikin jirgin ƙasa na cikin gari, kowa riƙe da allunansa, a wuce unguwar Holmenkollen har tashar ƙarshe, Frognerseteren. Ana sauka sai dajin Nordmarka. Tsohuwa mai jikoki ta zo ta wuce ni fuu, wani kuma yana jan jaririnsa a baya cikin ɗan akwati mai zamewa.

Aminu: Faɗuwa fa?

Hadiza: Malam Aminu, bar tone-tone.

Aminu: To na bari. Amma abin a jininsu yake. Suna da tseren Birkebeiner, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1994. Kowa sai ya goya jaka mai kilo 3.5.

Rabi: Goyon na mene ne?

Aminu: Tunawa da 1206. Ana yaƙin basasa, mayaƙa biyu suka tsere da ɗan sarki yana jariri, suka tsallaka duwatsu da shi a kan alluna. Shi ne Haakon da ya zama sarki daga baya.

Rabi: Ni cikin yarinyar nan ne damuwata. Me suka ba ki?

Hadiza: Tun kafin in je suka tambayi abin da ba na ci, ba a taɓa ɗora naman alade a teburin ba. Kifi ya wadata. Da rana burodi ne da wani cuku ruwan ƙasa mai zaƙi-zaƙi, a naɗe a takarda. Babban abinci kuwa wajen ƙarfe biyar na yamma an gama. Sai dai fa in aka ce ki ƙara kika ce kin ƙoshi, shi ke nan, an rufe tukunya.

Rabi: Sau ɗaya? Ai wannan rowa ce! Baƙo da kunya aka san shi, sai an matsa masa.

Hadiza: Wallahi ba rowa ba ce, Yaya. Maganarki suke ɗauka yadda kika faɗe ta, matsawa a wurinsu takura ce. Mutanen nan makullin gida suka damƙa min. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan tara, uku da 'yan mintoci ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa. Muna cikin daji maigidan zai duba agogo ya tsayar da kowa, ya shimfiɗa min abin zama a kan dusa, su koma gefe da lemo da cakulan har in idar.

Rabi: To wannan kam sun kyauta. Amma batun tukunya ban yafe ba.

Hadiza: Ai ga dama ta samu. 'Yarsu ce za ta zo wurinmu a Afrilu.

Aminu: Afrilu? A tsakiyar bazara?

Rabi: Ki kawo min ita gida. Malmala uku, ko ta ce ta ƙoshi.

Aminu: Allah Ya ba ta sa'a. Masu sauraro, sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.