Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ayyuka A Ziyarar Duba Gadar Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Ayyuka, ranka ya daɗe, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, Shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, Liman da sauran malamai, injiniyoyin ma'aikata, iyayenmu maza da mata.

A madadin Hakimi da ƙungiyar ci gaban wannan gari, ina yi wa mai girma Kwamishina da 'yan rakiyarsa barka da zuwa, sannu da hanya. Baƙonka Annabinka, balle baƙon da ya zo da albishir. Tun da labari ya iso cewa gwamnati ta amince a rushe tsohuwar gadarmu a gina sabuwa, ba a da wata hira a kasuwa da majalisa sai ita.

Ranka ya daɗe, ka hau gadar ɗazu da motarka, ba sai na ɓata maka lokaci da bayanin halin da take ciki ba. Tun zamanin En'e aka gina ta, mota ɗaya take ɗauka, ƙarafan gefe sun zube, ruwa ya cinye gindinta. Idan damina ta yi nisa, direban babbar mota sai ya sauke kaya kafin ya haye, mai naƙuda kuma sai an zaga da ita ta doguwar hanya. Muna son sabuwar gada, muna son ta da wuri. Na faɗi haka tun farko don kada a fahimci roƙon da zan yi a matsayin jan ƙafa.

Roƙon shi ne, kafin katafila ta sa baki a ƙasa, a turo masana kayan tarihi su bi filin da aikin zai ci.

Dalilinmu yana nan a tsallaken kogi. Gadar nan ba a banza aka dasa ta a inda take ba. A nan mashigin yake tun kafin a san mota, nan fatake suke yada zango su jira ruwa ya janye, kuma inda ayari yake kwana, nan gari yake tsirowa. Tudun da ke gabas da gadar shi ne kufan kakanninmu. Manoman wurin suna nan zaune a gabanka, a tambaye su: duk shekara garma tana tono tsingaro, da duwatsun niƙa, da kashin maƙera tuli-tuli a inda aka taɓa narka tama. Akwai sauran ganuwa da ta kwanta ta zama kunya, akwai kuma wurin da dattawa suka hana a noma domin sun gaji cewa kushewu ne. Ba wanda ya taɓa auna wannan wuri ko ya rubuta shi.

Wanda bai sani ba zai ce tarkacen tukwane ne kawai. To, a 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da katako a zurfin kamar mita 5. Da ya so, da ya farfasa shi ya ci gaba da haƙarsa. Bai yi haka ba, ya kai rahoto. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka zo, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu wanda ya girme shi cikin waɗanda aka gano a Afirka. A bakin kogi aka same shi, ranka ya daɗe, a zurfin da ginshiƙin gada yake wucewa ba tare da direba ya ko waiwaya ba.

Kayan Nok ma da duniya take yayi, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen dā, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. Wani kan mutum-mutumi da aka samu a Jama'a sai da ya yi zaman korar dabbobi a gonar doya kafin ya kai hannun wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya gane cewa al'umma guda ce ta ƙera su. Abin da aka tsira da shi ke nan. Abin da ruwan wankin kuza ya farfasa, da abin da 'yan sumoga suka kwashe daga baya zuwa Turai, Allah kaɗai ya san yawansa.

Kuma ba baƙon abu muke nema ba. Lokacin da ake gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, kafin ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da ƙauyukan da ke bakin kogin Kwara, sai da aka tura masana suka bi yankin suna tono suna rubutawa. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ce sai da izininta ake irin wannan tono, ta kuma hana cinikin kayan tarihi barkatai. Dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ita ma tana nan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe guda na wannan ilimi, da malamai da ɗalibai masu neman filin aiki.

Mun tambayi yadda abin yake, don kada mu roƙi abin da ba mu fahimta ba. Da farko sukan zauna da dattawa su ji tarihin baka. Sai su jera sahu su taka filin a ƙafa bayan girbi, lokacin da ƙasa take fili, suna sa alama a taswira duk inda suka ga wani abu. Inda alama ta yi yawa sai su haƙa ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu, su bi ƙasar hawa-hawa, su tankaɗe ta, su ɗauki hoto, su tsinci gawayi don da shi ake auna shekaru. Wannan bi hawa-hawa shi ne ran aikin. Tukunyar da aka ciro aka san a wane hawa take, me ke samanta, me ke ƙarƙashinta, tana iya faɗin zamanin da aka yi ta. Wadda katafila ta watso cikin tifa, ko da ba ta fashe ba, ta zama tukunya kawai. A fili irin namu, aikin makonni ne, kuma zai iya tafiya a daidai lokacin da safiyo yake awonsa, ana shirya takardun kwangila.

Ga abin da muka fi so mai girma ya riƙe. Tsoronmu ba ya ga gindin gadar kanta, domin wancan wuri an riga an birkita shi tun ginin farko. Tsoronmu yana ga hanyar wucin gadi da za a yanka don motoci su zaga, da filin da ɗan kwangila zai kafa sansani, da kuma uwa uba ramin da za a ɗebi burji. Waɗannan ba su cika fitowa a zanen gada ba. Ɗan kwangila ne yake zaɓa da kansa, kuma zai zaɓi tudu mafi kusa. Tudu mafi kusa da wannan gada shi ne kufanmu. Akwai wani tudun burji a yamma, ya ɗan fi nisa, masu gonakin sun yarda a tattauna da su.

Saboda haka muna roƙon a rubuta cikin kwangilar cewa ba za a buɗe ramin burji ko hanyar zagaye ba sai masana sun duba sun sa hannu, a kuma ajiye mutum ɗaya daga cikinsu ya tsaya lokacin haƙar ginshiƙai, da ikon ya ce a dakata idan an ci karo da wani abu. In kabari ne, a kira Liman da dattawa kafin a taɓa. Abin da aka samu a kai shi gidan tarihi da rasit, a bar mana kwafin rahoton a fadar Hakimi da makarantar sakandarenmu. Mu kuma mun ɗauki alkawarin ba masana masauki, da matasan da za su yi musu haƙa, da 'yan sintirin da za su tsare wurin da dare, domin mun san da zarar labari ya fita masu saye za su fara leƙowa.

Ranka ya daɗe, idan lokacinka ya ba da dama, Dagacin tsallake yana shirye ya kai ka kan tudun da ƙafa bayan an tashi daga nan, tafiyar ba ta da nisa. Daga can sai fadar Hakimi, inda iyayenmu mata suka tanadi ɗan abin taɓawa. Muna roƙon ka isar da gaisuwarmu da godiyarmu ga mai girma Gwamna. Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.