Wa Ya Gaya Wa Mai Haƙa Rijiya?

Jama'a masu sauraro, duk ranar 18 ga Mayu ana bikin ranar gidajen tarihi ta duniya. A taru a babban zaure, a zuba jawabai da Turanci, a tafa, a watse. To wa aka yi wa magana? Masana ne suka yi wa junansu.

Alhali ba farfesa ke fara cin karo da kayan tarihi ba. Manomi ne, da mai haƙar ma'adinai, da mai haƙa rijiya. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya tarar da katako a can ƙasa. Bai sa gatari ba, ya kai labari gaba. A 1994 masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka ciro shi: kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, ɗan shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Katakon da ya daɗe cikin laima haka, da an fizgo shi an shanya a rana, tsattsagewa zai yi, shi ke nan. Allah ne ya kiyaye. Amma har yaushe za mu dogara da sa'a?

A yankin Jama'a da ke kudancin jihar Kaduna kuwa, wani kai na yumɓu irin na Nok, wato mutanen dā da suka shahara da yin mutum-mutumin yumɓu, a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, Baturen nan masanin kayan tarihi. Laifin mai gona ne? Wa ya gaya masa?

Wasu za su ce mutane na fama da yunwa, ina ruwansu da tsohuwar tukunya. Haba! Dillalan da ke bin ƙauyuka suna sayen kayan Nok da 'yan kuɗi ƙalilan, su tsallaka da su Turai, ai sun san hanyar gidan talakan nan. Kuma da harshensa suke ciniki da shi. Ɓarawo ya isa ƙauye, mai kayan yana ofis.

Saboda haka hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta fito. Ta shiga rediyo da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci. Ta zauna da dagatai da masu unguwa. A gaya wa mutane dalla-dalla: in ka tono abu, kada ka wanke, kada ka kankare, kada ka ɗauke shi daga inda yake, domin ƙasar da ke kewaye da shi ita ke nuna shekarunsa. Sannan a ba su lambar wayar da in sun kira, za a ɗauka.