Sharhi: Yaron da ya ɓuya a cikin waya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi kukan da ya zama ruwan dare a bakin iyaye: yaro ya ƙi karatu, ya ƙi barci, ko tuwon dare ba ya zama ya ci da 'yan'uwansa, kullum kansa na sunkuye a kan waya. Uwa ta ce ta yi faɗa har ta gaji. Uba ya ce a ƙwace wayar a haɗa masa da bulala.

Kukan nan yana da tushe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo a jerin cututtukan da ta amince da su. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa matashin da ke wuce awa uku a rana a shafukan sada zumunta yana fuskantar ninkin haɗarin damuwa da fargaba.

To amma kafin a ɗaga bulala, ya kamata uba ya tsaya ya tambayi kansa, shin me yaron nan yake gudu?

Yaron da fargaba ke cinsa ba zai zo ya ce "Baba, ina cikin damuwa" ba. Ciwon ciki zai ce yana yi da safiyar makaranta, ko ciwon kai ranar jarrabawa, ko ka ga ya daina fita cikin sa'o'insa. Da ya riƙe waya sai zuciyar ta lafa, domin a can babu mai tsawa, babu mai tambayar sakamako. Sauƙin na ɗan lokaci ne. Zai raba dare yana latse-latse, ya tashi da nauyin ido, karatu ya ja baya, faɗa ya ƙaru a gida, fargabar ta ninku, sai ya sake komawa inda ya samu sauƙi jiya. Idan aka ƙwace wayar aka bar abin da ke damunsa, an rushe masa maɓuya ne kawai, kuma zai ari ta aboki.

Tun a shekarun 1960 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Diana Baumrind, ta kasa tarbiyya gida uku, daga baya wasu masanan suka ƙara na huɗu a 1983. Akwai gidan da sai doka da tsawa, babu jan yaro a jiki. Akwai gidan shagwaɓa, inda abin da yaro ya so shi ake yi, irin wanda Hausawa ke ce wa mai shi ka so naka duniya ta ƙi shi. Akwai gidan ko-in-kula. Sai gidan da aka haɗa ƙauna da iyaka, ana kafa doka, ana bayyana dalilinta, ana kuma sauraron yaro. Wannan na ƙarshe ne masanan suka ga 'ya'yansa sun fi natsuwa.

A nan nake so mu duba namu gidajen da idon basira. Tarbiyyar Bahaushe akwai tazara a cikinta. Uba ba ya sakin fuska da ɗa, uwa tana alkunyar ɗan fari har ba ta kiran sunansa. Ban ce wannan laifi ba ne, domin a da tazarar tana da masu cike ta. Akwai kaka, abokiyar wasa, wadda jika zai faɗa ɗakinta ya amayar da cikinsa ba tare da tsoro ba. Akwai gwaggo da kawu a kusa. Akwai dandali da farin wata, akwai "ga ta nan, ga ta nanku" bayan sallar isha'i. Yau ma'aikaci a Kano ko Kaduna ko Yamai yana gidan haya, daga shi sai matarsa da yara, ƙofa a kulle saboda tsoron halin da ake ciki, kaka tana can ƙauye. Mun riƙe tazarar, masu cike ta sun yi nisa, waya ta zo ta zauna a gurbinsu.

Abin kuma ya zama tsumagiyar kan hanya, fyaɗi yaro fyaɗi babba. Uban da ke hana ɗansa waya shi ma ba ya ɗaga kai daga WhatsApp. Uwa na girki, ɗan shekara biyu na kuka, sai a miƙa masa waya ya yi shiru, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da bai kai shekara biyu ba bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Ni dai roƙona ga iyaye shi ne a kafa doka, amma ta hau kan kowa: babu waya a wurin cin abinci, kuma da dare duk wayoyin gida su kwana a falo, har da ta maigida. Uba ya ware ko da minti goma ya zauna da ɗansa, ya tambaye shi wane wasa yake yi, su wa yake hira da su, ya jure jin amsar ba tare da ya daka tsawa ba. Idan kaka na nesa, a riƙa kira mata jikokin, ai wayar ma tana da wannan amfanin.

Idan kuwa an ga yaro ya daina barci, yana ramewa, yana kuka babu dalili, ko yana zancen gajiya da rayuwa, to a yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna duk suna da likitocin da ke duba irin wannan larura.