'Ya'yan Ayuba nawa ne?

(Lacca a taron Zumuntar Mata na wata majami'ar Hausa a Agege, Legas, kamar yadda aka rubuto ta daga faifan murya.)

Salama gare ku. Na baya kuna ji na? A rage wannan fanka, tana cinye mini murya.

Abu uku na ce zan faɗa a kan begen mai bi idan ɗansa ya rasu. Na farko, kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Yahaya 11:35, ayar nan da yaran makarantar Lahadi ke rububin haddacewa saboda gajartarta, ta ce Yesu ya yi hawaye, alhali ya san yanzu-yanzu zai ta da Li'azaru. Bulus ma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada namu ya zama irin na marasa bege. Wannan kun sani, mu wuce.

Na biyu, a nan kuwa zan shimfiɗa tabarma. Ku buɗe Ayuba sura 1. Mama ma'aji, ke ce mai lissafinmu, ɗauki biro. Tumaki 7,000, raƙuma 3,000, jakuna 500, 'ya'ya maza 7, mata 3. Rana ɗaya duk suka tafi. Yanzu ku juya sura 42, inda Ubangiji ya ninka masa abin da yake da shi. Tumaki 14,000. Raƙuma 6,000. Jakuna 1,000. 'Ya'ya fa, Mama ma'aji? Goma? Sake dubawa, kada a ce kuɗin baiko ma haka kike ƙirga su. (dariya) Goma ne, maza 7, mata 3.

To me ya sa ba ashirin ba? Tun zamanin dā masu nazarin Littafi Mai Tsarki suka lura da wannan. Tumakin da wuta ta cinye sun ƙare. Raƙuman da Kaldiyawa suka kora sun tafi ke nan. Amma yaran da gida ya rufta wa suna nan a hannun Allah. Goma can, goma nan, ashirin cif. Ayar ba ta faɗi haka ɓaro-ɓaro ba, fahimtar magabata ce, amma ni da ita na rayu.

Muna ɗaki ɗaya a Idi-Araba lokacin da 'yata ta rasu, shekararta huɗu. Zazzaɓi ne, daga Talata zuwa asubahin Jumma'a. Da yake ita ce ta biyu da na binne, maƙwabtanmu Yarabawa suka fara raɗa, abiku ce. Namu kuma suka ce wabi nake yi, har wata ta ba ni shawara in sa wa na gaba suna Ajuji don mutuwa ta raina shi. Sauran kuma kowa da ya shigo, "Yi haƙuri, ke yarinya ce, Allah zai ba da wani." Ya kuwa bayar, na gode masa. Amma wanin ba ita ba ce. Jan takalminta na roba, wanda igiyar ƙafar hagu ta tsinke na ɗaure da zare, yana ƙasan akwatina har yau, mun tashi gida sau uku yana biye da ni.

Shi ya sa in an tambaye ni yara nawa, ko a cikin motar haya ta danfo ne, biyar nake cewa. Uku suna cin tuwona, biyu sun riga ni. Biyar. Ban rage ko ɗaya ba tunda Allah bai rage wa Ayuba ba. Sarki Dawuda ma haka ya gani lokacin da jaririnsa ya yi rashin lafiya. Ya yi azumi, ya kwanta a ƙasa, a rana ta bakwai jaririn ya cika. Sai ya tashi ya yi wanka, ya shiga gidan Ubangiji ya yi sujada, ya dawo ya nemi abinci, har fadawansa suka rikice. A 2 Sama'ila 12:23 ya ce shi zai tafi wurin yaron, yaron ne ba zai komo ba. Ai ba a tafiya wurin wanda babu shi.

Na huɗu... na uku ko? To, na uku, lokaci ya gudu. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki suka ɓata rawarsu da tsalle. A Legas wa ke da kwana bakwai? Daga Mile 12 zuwa nan kaɗai cunkoso ya ci rabin yini. Ki je dai, ki dama kunu, ki yi mata wanki, ki rage wa'azi. Ki kuma koma bayan wata guda, lokacin da 'yan gaisuwa suka watse.

Akwai hannu a can. Ɗaga murya, 'yata.

(Wata ta ce maigidanta ya bar aikin gadi, za su koma gida Arewa, ɗansu kuwa yana kwance a maƙabartar Atan da ke Yaba. Tana jin kamar za ta yar da shi a baƙon wuri.)

Kai. Sannu, 'yata. A ba ta ruwa.

Ba abin da na shirya ba ne, amma buɗe Farawa 35. Rahila matar Yakubu a hanya ta rasu, wajen haihuwar Biliyaminu, kafin su isa Efrata. Yakubu bai kai ta kogon Makfela inda aka binne kakanninsa ba. Nan bakin hanya ya binne ta, ya kafa dutse, ya ci gaba da tafiya. Ya manta ne? A sura 48, yana tsoho a Masar, yana bakin mutuwa, yana cikin yi wa Yusufu maganar gādon 'ya'yansa, sai ga shi ya koma kan Rahila da hanyar nan. Ni ma tawa a Legas take, ta fari kuma tana ƙauyenmu, kuma ƙaho ɗaya ne zai tashe su.

Yaushe ne tafiyar? Ƙarshen wata? To ranar Asabar ki same ni a nan ƙarfe shida, kafin hanya ta cushe, mu je tare. Ki gaya wa maigidan, ko ya ce ba zai je ba ki gaya masa. Mama ma'aji, kuɗin motar mutum uku.